Kofin Gwamna

Ina cikin dariya Kaka ta ajiye mini kofin Gwamna a gabana. Karin kumallo muke yi a falo, ni da ita da Yayata, ga burodin tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, ɗan Yaya yana rarrafe yana ƙoƙarin cusa hannu a cikin kwano, abin da ya ba ni dariya ke nan. Na miƙa hannu zan ɗauki kofin gilashin da nake shan shayi da shi kullum, sai Kaka ta riga ni. Ta janye shi gefenta, ta turo mini wani kofin ƙarfe mai farin fenti da shuɗin baki, gindinsa duk ya ɓare. Ba ta ko dube ni ba. Ta ci gaba da tsoma burodinta a shayi.

Dariyar ta maƙale mini a wuya, ta koma tari. Na yi tarina na gama, babu wanda ya ce mini sannu. Yaya ta sunkuya ta ɗauke ɗanta daga kusa da ƙafata ta ɗora shi a cinya, a hankali, wai don kada in lura.

Kowa a gidanmu ya san kofin nan. A saman durowar Kaka yake zama, naɗe cikin tsohon ɗankwali, ba a sauko da shi sai wani ya kamu da ciwon da ake tsoron a ɗauka. Ganina da shi na ƙarshe a ƙasa, a gefen katifar Ummata ne, lokacin muna haya a unguwar Misfala a nan Makka, ban wuce shekara goma ba. Da shi ta sha ruwa, da shi ta sha kunu da magani, har ranar da aka ɗauke ta aka kai Harami aka yi mata salla. Tarin fuka ne. Ban taɓa tambayar abin da ya sa ake ce masa kofin Gwamna ba. Ni dai a wurina, kofin da ake ba wanda zai mutu ne.

Na ce, "Kaka, me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Daga yau da shi za ki riƙa sha. In kin gama ki kwashe shimfiɗarki ki koma ɗakin sama."

"Don ɗan tarin nan? Ai kowa a Makka tari yake yi bayan Hajji."

"Alhazai sun tafi da nasu tuni. Ke naki ne ya ƙi tafiya."

Ta sa hannu ƙarƙashin cinyarta ta zaro rigar matashina, wadda ta cire da safe za a wanke. Ta baza ta a kan darduma. Akwai ɗigo-ɗigo masu duhu a gefe guda, daidai inda nake ɗora kumatuna.

"Lalle ne," in ji ni.

"A baki kike ƙunshi yanzu?"

Wallahi ban gan su ba sai a lokacin. Tarin ya daɗe, na sani, amma ban ɗauke shi komai ba. Sana'ar gidanmu turaren wuta da humra ce, mata suna zuwa har daga unguwar Kudai su saya, kuma tun da na gama sakandare ni ce mai zama a kan tukunya, ina juya itacen da sukari da turare har ya kama. Wanda ke wannan aiki ba ya rasa tari. Haka nake gaya wa kaina. Amma da na ga ɗigon nan, sai na daina yarda da hakan.

Kafin azahar Kawu ya iso. Ƙanin Umma ne, direban bas ne a tashar Kudai, mutum mai ƙiba da yawan barkwanci, amma ranar bai yi ko ɗaya ba a hanya. Ya kai ni asibiti, aka sa mini takunkumi, aka ɗauki hoton ƙirjina, aka ba ni 'yan robobi aka ce in riƙa tofa kaki da safe ina kawowa. Likitar mace ce, mai magana a natse. Ta ɗaga hoton ta nuna mini wani ɗan duhu a gefe ɗaya, ta ce ba za ta ce komai ba tukuna sai sakamakon kakin ya fito. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa yin tarin fuka a gidanmu. Kawu ne ya amsa mata da Larabci, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce in nisanci jariri, in zauna inda iska ke shiga, in jira kira.

Gidanmu na unguwar Ka'akiyya yana da ɗaki guda a kan rufi, kusa da tankin ruwa, inda muke ajiye buhunan itace da kwalabe. Kafin mu dawo Kaka ta sa an kwashe su, an share, an cire labulen taga gaba ɗaya. An shimfiɗa mini katifa. Kofin yana kan tire a bakin ƙofa, an kife shi.

Ban taɓa shi ba. In ƙishirwa ta kama ni sai in je famfon tanki in tara hannu in sha, ruwan kamar an dafa. Abinci Yaya ke hawowa da shi ta ajiye a matakala ta ƙarshe ta kira ni, kafin in fito ta sauka. Ina jin kukan ɗanta ta cikin siminti. Yaron nan a bayana ya saba barci. Sai in zauna ina tuna duk lokacin da na sumbace shi a baki, duk lokacin da na hura masa kunu a cokali. In na tuna sai tari ya taso, in tofa a tishu, in tsaya ina duba tishun kamar mai karatu.

Washegari da la'asar na ji motsi a matakala, a hankali, ana hawa ana hutawa, ana salati. Kaka ce. Gwiwoyinta sun daɗe da hana ta hawa rufi. Ta fito tana haki, ta jawo wata tsohuwar kujerar roba can wajen tanki, nesa da ni, ta zauna. Ta dubi kofin a kife yadda aka ajiye shi.

"Ke raƙuma ce da ba kya shan ruwa?"

"Ina sha a famfo."

"Kofin fa?"

Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Kin ba ni kofin mutuwa, Kaka. Ko likita ba ta ce komai ba, ke kin riga kin sallama ni. Da shi Umma ta tafi."

Ta ce, "Ashe haka kika ɗauka, 'yar nan? Duk shekarun nan?" Ta gyara zama. "To ni ce farkon wanda ya sha da shi a zuri'armu. Dube ni da kyau. Na yi miki kama da gawa?"

Ranar ta fara ba ni labarin, ba ta gama ba sai a hawa na biyu da na uku, don in ta gaji sai ta yanke a tsakiya ta ce ragowar sai gobe. Yanzu ina ganin da gangan take yi, don in sami abin jira ban da kiran asibiti.

Ta ce tana 'yar yarinya, haƙoran gaba sun zube, iyayenta suka iso bakin teku bayan shekaru suna tafe daga ƙasar Hausa, ta Chadi, ta Sudan, ana noma ana ci gaba. Ba su shiga babban jirgi ba. Wani jirgin katako mai filafilai suka shiga su da wasu alhazai, iska ta kore su ta yi kudu da su, ruwan sha ya ƙare, wasu suka kwanta da zazzaɓi. Jirgin Turawa masu sintiri ya tsince su, ya ɗaure su da igiya ya ja su zuwa wani ɗan tsibiri inda ake tsare alhazai a duba lafiyarsu kafin a bar su su wuce. Ta ce babu itace ko ɗaya a kansa, sai farin yashi da rumfuna da tsuntsaye. Ruwan sha ma inji ke tace shi daga teku.

"Kuma wai akwai Gwamna," in ji Kaka. "Gwamnan kifi da ƙaguwa. Ƙasarsa gaba ɗaya, in ya hau jaki da la'asar, kafin magariba ya zagaye ta ya dawo."

Ranar da aka sauke su ya zo bakin ruwa da kansa. Dogo ne, siriri, hular kwano ta yi masa yawa. Ya tsaya nesa da su ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku da hanya. Ina gajiya?" Kaka ta ce wata tsohuwa a cikinsu ta zube ƙasa tana a'uziyya, ta ɗauka aljanin teku ne. Ashe da ƙuruciyarsa ya yi aikin mulki a ƙasar Hausa, can ya koyi harshen, yana yin sa ta hanci. Bai daɗe da zuwa tsibirin ba shi ma, ko akwatunansa ba a gama kwancewa ba.

Murnar jin Hausa ba ta daɗe ba. Ya sa aka tattara tabarmansu aka ƙona, tufafinsu aka dafa su a tukunya. Sannan ya je wurin gangar ruwan sha, ya tarar da moɗa ɗaya kowa na sha da ita, ya sa aka ɗauke ta. Aka raba wa kowa kofinsa, aka ɗaura igiya, aka ce a rataya a wuya, kada wani ya sha da na wani, ko uwa da ɗanta.

"Nan fa aka ɓata," in ji Kaka. "Babana ya ce mu da muka sha a moɗa ɗaya tun daga gida, a jeji, a rijiya, yau wani ne zai raba mana baki? A wurinmu wanda aka ware wa abin sha, an ce masa shi ba mutum ba ne."

Abin da ya ƙara ɓata musu rai, shi ma Gwamnan kofinsa na rataye a ɗamararsa. Dattawa suka dama kunu suka miƙa masa a ƙwarya don girmamawa, ya ƙi karɓa. Ya ciro kofinsa ya ajiye a ƙasa, ya ja baya, ya ce a zuba masa a ciki. Suka ce ai ga shi nan, ƙyamar baƙar fata yake yi, Hausar bakinsa ta banza ce. Kuma saboda masu zazzaɓin nan ya ƙi sakinsu har Arfa ta wuce suna zaune a kan yashi, suna kallon inda Makka take. Kaka ta ce ranar Arfa babanta bai yi magana da kowa ba. Har ya rasu a Makka da tsufansa, in aka ambaci Gwamnan sai ya kau da kai.

Na ce, "To mugu ne ke nan."

"Ban ce miki mutumin kirki ba ne, ban ce mugu ba. Wa ya aike su mulkin tsibirin mutane tun farko? Ni dai abin da na gani nake faɗa miki. Sha ruwa, leɓenki ya bushe."

Ban sha ba ranar. Amma da ta sauka na ɗauki kofin na juya shi. A gindinsa akwai wata 'yar alama da aka karce da ƙusa, kamar ƙafar kaza.

Washegari da hantsi Kawu ya hawo, ya kawo mini lemo a leda, ya tsaya a bakin matakala yana fifita da hularsa. Kaka ta riga ta gaya masa abin da na ce.

"Ke, wai kofin mutuwa? Ni nan da shi na sha lokacin da na yi hangum, kumatuna kamar tulu. Yanzu dube ni, sitiyari ma da ƙyar yake barina in zauna. Yayarki ta sha da shi da ta yi ƙyanda. Ke kanki kin sha kina goye, ba ki sani ba ne, ja'ira. In kofin nan kisa yake yi, da gidan nan sai ƙadangaru."

Na yi dariya ta koma tari. Ya daina dariyar, ya tsaya yana kallona har na gama, ya ce, "Salamtik, Allah Ya ba ki lafiya, 'yata," ya juya da sauri ya sauka. Na san Umma ya tuna.

A hawanta na gaba Kaka ta ci gaba. Ta ce da Hajji ya wuce, babu jirgin da zai kwashe su nan kusa, sai kowa ya nemi abin yi. Babanta ya shiga ɗaukar kaya a bakin ruwa, mamarta ta sami wanki a gidan Gwamna, ita kuma tana biye da ita. Gidan babba ne, amma shi a baranda yake kwana, a kan gadon zane, inda iska ke kaɗawa. Duk kayansa mamarta ke wankewa ban da hankici. Hankicinsa tukunyarsu daban, shi da kansa yake zuba su da sanda a tafasasshen ruwa. Wata rana iska ta ɗauke guda ta yar a gaban mamar Kaka. Ta sunkuya za ta ɗauka, ya daka mata tsawa daga baranda, tsawar da ba su taɓa jin ya yi ba. Ta tsaya cak. Hankicin duk jini ne.

Ya sauko ya ɗauke shi da sanda. Ya tsaya nesa da ita kamar yadda ya saba, ya ce, "Uwargida, ki gaya wa maigidanki ba ƙyamarku nake yi ba. Ni ne ba a sha da kofina."

Kaka ta ce kukun gidan, wani Basudane, shi ya ba mamarta sauran labarin. Wai Gwamnan ya yi aiki a ƙasashe da dama yana ƙaramin ma'aikaci, bai taɓa zama babba ba sai da ciwon ya kama shi. Aka ce busasshiyar iska za ta yi wa ƙirjinsa amfani, ga kuma kujerar da babu mai so, sai aka haɗa masa biyun. Yana da mata da 'ya ɗaya a ƙasarsu, shi ya hana su biyo shi. Hoton yarinyar na kan teburinsa.

"Sa'ata ce," in ji Kaka. "In ya gan ni sai ya tsaya yana kallona. Bai taɓa ko shafa kaina ba. Alewa ma kuku yake ba wa ya miƙo mini. Ya dasa wani ɗan icce a bakin baranda, duk ruwan da ya rage a kofinsa nan yake juyewa. Iccen bai yi ba."

Ana nan a tsibirin sai ita Kaka, tana yarinyar, ta fara tari. Mamarta ta so ta ɓoye, don tsoron kada a raba su, amma shi ya ji tarin daga baranda. Ya sa aka karɓe kofin wuyanta aka ba ta sabo daga ɗakinsa, ya karce gindinsa da ƙusa don kada ya gauraya, aka kai ta wata rumfa marar bango, likitan tsibirin ya riƙa zuwa yana sauraron ƙirjinta. Dokarsa ke nan: wanda aka ba kofi mai alama, likita zai gan shi a ranar, ba gobe ba. Shi kuma kullum in ya fito zagaye a kan jakinsa sai ya tsaya daga nesa ya ce, "Yarinya, yaya jiki?" Ta ce ranar da likita ya ce tarin sanyi ne kawai, ba irin nasa ba, Gwamnan ya cire hularsa ya zauna a kan yashi da fararen kayansa.

Bai cika shekara a kujerar ba. Kafin jirgin da zai kai su Jidda ya zo, wani jirgi ya zo dominsa. A kan gadon zanen nan aka ɗauko shi, mutane huɗu, ɗaya daga cikinsu baban Kaka ne, don aikinsa ne ɗaukar kaya. Ta ce babanta bai ce masa komai ba, amma ya cire rawaninsa ya kare masa rana har bakin ruwa. Kuku ya ce ya mutu a hanya an sa shi a teku. Wani matuƙin jirgi daga baya ya ce ƙarya ne, ya isa gida. Kaka ba ta san gaskiyar ba. Ko sunansa ba ta riƙe ba, wai yana da wuyar faɗa.

Na ce, "Umma fa? Ita ma ta sha da shi."

Kaka ta dubi duwatsun da ke bayan unguwarmu.

"Uwarki ta iya ɓoye abu. Da kanta take wanke kayanta, in tari ya taso ta shiga banɗaki ta kunna famfo, don kada hankalinku ya tashi ke da Yayarki. Lokacin da na gani, ciwon ya riga ya ci ƙarfinta. Yanzu kuma akwai magani, ko shi ne ma ana warkewa in an kama da wuri. Ke kuwa Allah Ya yi ki da ƙazantar barin matashi." Ta share ido da gefen mayafi. "Tun ranar da aka binne ta nake duba rigar matashin kowa a gidan nan. Kina tsammani son wanki ne?"

Da ta tashi za ta sauka na je tanki na cika kofin. Ƙarfen ya ɗauki zafi, yana da ɗanɗanon tsatsa. Na shanye a gabanta. Ta kama bango ta fara sauka.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Bai tafi ba. Kullum da safe nakan tofa a robar asibiti, in waya ta yi ƙara in zabura in ɗauka. Yaya takan kira ni ta bidiyo daga ƙasa, bene ɗaya tsakaninmu, ta nuna mini yaron yana cizon wayar, ni kuma ina duban hancinsa da idanunsa ina neman alamar ciwo. Wata rana ta ce, "Ki yafe mini yadda na ɗauke shi ranar nan." Na ce da ni ce ma haka zan yi. Da gaske nake. Na fara gane cewa nisan da nake ba shi, shi ne kawai abin da nake da shi da zan ba shi. Nakan tuna mutumin nan a barandarsa da hoton 'yarsa, in rasa ko tausayinsa nake ji ko nawa.

Kiran ya zo da hantsi. Ba su faɗi komai a waya ba, suka ce in zo. Kaka ta ce da ita za a je, Kawu ya ce gwiwa, ta ce gwiwar tasa ce? Ta sa abayarta, ta ɗauki jakarta, muka tafi. A mota ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma na abinci ne.

Likitar ta sa aka sake ɗaukar hoto, muka jira a kan benci, sannan ta kira mu. Da muka shiga na lura ba ta sa takunkumi ba. Ta ce in cire nawa.

"Ba tarin fuka ba ne," ta ce da Larabci. "Duk gwajin babu komai. Duhun nan ma ya fara washewa, ciwon ƙirji ne na sanyi, magani zai gama da shi. Jinin kuma daga maƙogwaro yake, ya ƙuje. Wane aiki kike yi?"

Na gaya mata. Ta ce hayaƙin tukunyar turare ne ya cinye mini hanyar numfashi, in bar zama a kansa, in kuma dole ne a yi a fili. Na ce jaririn fa? Ta ce in koma gida in goya shi.

Ban san lokacin da na zame daga kujera ba. Na ji goshina a kan tayil mai sanyi, ina ta alhamdulillahi, Kawu yana cewa "Halas, halas, ya wuce, tashi mana, kin sa ni kuka a gaban mutane."

Kaka ba ta jin Larabcin asibiti sosai, sai da Kawu ya maimaita mata da Hausa. Ta gyaɗa kai. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro kofin, ashe ta ɗauko shi daga ɗakin sama. Likitar ta tambaya na mene ne, Kawu ya yi mata bayani a taƙaice. Ta yi murmushi ta ce tarin fuka ta iska ake ɗaukarsa, kofi ba ya hana shi, ɗakin saman da tagar da aka buɗe su ne suka yi aiki, sai kuma kawo ni da aka yi da wuri.

Kawu ya fassara. Kaka ta ce, "Gaya mata Gwamnan ma a baranda yake kwana. Ba yau aka fara ilimi ba."

A bakin ƙofar ɗakin likitar akwai na'urar ruwan sanyi. Kaka ta tsaya a gabanta ta cika kofin har baki. Na miƙa hannu, na zaci ni za ta ba. Sai ta kai bakinta, daidai inda fentin ya ɓare, inda nake sa nawa bakin, ta sha rabi a tsaye, mutane suna wucewa suna kallonta. Ta ce haka mamarta ta yi ranar da aka fito da ita daga rumfar nan, ta karɓi kofin ta sha a gaban Gwamna, shi kuma bai hana ba.

"Na sha bayan Kawunki, na sha bayan Yayarki, na sha bayanki kina goye," ta ce. "Na uwarki ne kawai ban samu na sha ba."

Ta miƙo mini sauran. Na riƙe da hannu biyu na shanye.